Ƙafar Legas a Keken Wanzami

Samarin da ke zama a rumfata da la'asar suna da wata magana da ke ba ni dariya. Wai gyaran keke ba sana'a ba ce, noti ne ka kwance, noti ka ɗaure. Ɗayansu, wanda ko riƙon sifana bai iya ba, har cewa ya yi ƙafa ai ƙafa ce, duk wadda ka samu ka zura wa keke zai tafi. Ban yi masa musu ba, don lokacin shayi nake sha. Amma tunda duk sun yi makaranta, ga amsata nan a rubuce, su karanta a natse.

A Rogo na koyi aiki, wajen Kawu Iro, ƙanen mahaifiyata. Kayan aikinsa duka a akwatin katako ɗaya suke: sifanu, filaya, magagari, zarto, guduma ƙarama, gwangwanin giris, kwalbar sholisho, da wani ɗan makullin ɗaure waya da yake ratayawa a wuya kamar laya. Kekunan wancan zamani duk 'yan gida ɗaya ne, baƙaƙe, dogaye, masu birkin sanda, ƙafarsu lamba ashirin da takwas. Mutum zai ɗora buhun gyaɗa a kariya, ya rataya kaji a hannu, ya ɗora ɗansa a sandar gaba, keke bai ce uffan ba. Na yi wata da watanni ban wuce faci ba. Kawu ya ce wanda bai iya jin hucin iska a leɓensa ya gano huji ba, ba shi da hurumin taɓa waya.

Aikin da ya fara koya mini hankali na wani malamin firamare ne. Ya sayo ƙafar baya mai giya a Kano, ya kawo a sa masa, Kawu kuma ya tafi ta'aziyya. Na gwada, ƙafa ta ƙi shiga, tsakiyarta ta fi bakin firam faɗi. Na tuna na taɓa ganin wani mai gyara yana buɗa firam da taɓarya, sai na aro ta maƙwabta, na kwantar da keke, na taka gefe ɗaya, na banƙare ɗayan. Ƙafa ta shige sumul, ni kuwa har da kaɗa kai. Abin da ban sani ba, gefe ɗaya ne kawai ya buɗe. Da malamin ya hau, gaban keken na duban gabas, bayansa na neman kudu. Kawu ya dawo ya tarar. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Cewa ya yi in hau keken in je garin Fulatan in dawo. Na je na dawo a karkace, kwana uku ƙuguna na ciwo. Sannan ya zaunar da ni ya ce, "Haruna, ƙafa ake yi wa gyara ta shiga firam. Ba a taɓa firam don ƙafa." Har yau ban sake kai taɓarya kusa da keke ba.

Bayan na yi aure na dawo Karaye na kafa tawa rumfar a gefen kasuwa. Ban daɗe ba aka shiga shekarun nan da darajar naira ta karye, kayan gyara suka yi ɓatan dabo. Tub ɗaya sai ka ga faci a kan faci har ba ka gane asalin robar. Taya in ta yage sai a kai wa baduku ya ɗinke. Rim mai lamba ashirin da takwas kuwa, in ka je Kano nema, 'yan kasuwa su dube ka su yi murmushi. Akwai daminar da na koma gyaran fitilar ƙwai da risho don a ɗora tukunya a gidana, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ana cikin haka sai kekunan gwanjo suka fara shigowa daga ƙasashen waje, gajeru, masu launi, da ƙafafu farare na alminiyam masu ƙyalli. Kowa ya gani sai ya ce irinsu yake so a sa wa tsohon kekensa.

Wata Talata da kaka, bayan azahar, na hango Baba Garba wanzami yana tafe yana jan kekensa, ya ɗaga bayan da hannu ɗaya. Abokin mahaifina ne, shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, saboda haka ba mutumin da zan ɗaga wa murya ba ne. Dogo ne, siriri, ga taurin kai. Keken nasa gado ne daga mahaifinsa, fentin duk ya koɗe amma firam ɗin lafiya lau.

Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi gwiwarsa da ke damunsa, sannan na dubi ƙafar baya. Ta naɗe kamar faifan da aka zauna a kai.

"Baba, mota ce?"

"Wace mota? Bijimin maƙwabcina ne. Duk faɗin inuwar nan bai ga wajen kwanciya ba sai kan kekena."

Na juya rim ɗin, na ga ya tsage a wuri biyu. Na ce masa wannan kam ya gama aiki, sai dai a jira in na shiga Kano ko Allah zai sa a dace.

"Jibi nake da suna," in ji shi. "Gidan Malam Buba, bayan ƙauyen Turawa."

Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan magana ba, bari in fayyace muku. A da kowane gida da wanzaminsa, kuma gado ne. Wanda ya yi wa jariri askin suna shi zai yi masa kaciya, shi zai riƙa yi wa mazan gidan aski da ƙaho, ɗansa kuma ya gaji 'ya'yansu. Gidan Malam Buba babban gida ne na masu shanu da noma, tun kakan Baba Garba suke riƙe da shi. To Malam Buba ya rasu, babban ɗansa ya zama maigida, ga kuma wani saurayin wanzami mai babur, Sale, da ya fara zarya a yankin. Sau biyu Baba Garba yana makara saboda gwiwa. Sabon maigidan ya aiko masa da saƙo cikin ladabi: wannan jikansa ne na fari, in rana ta hau kan rumbu Baba bai iso ba, Sale zai yi askin. In kuwa askar Sale ta taɓa kan yaron nan, gidan ya tafi ke nan, maƙwabta ma su bi.

Na ce, "Baba, ga kekena nan, ɗauki ka je ka dawo."

Ya dube ni kamar na ce ya ari wando. "A kan keken nan ubana ya je askin wanda yake maigida yau. Ni ba na zuwa gidan a keken aro, su ce Garba ya ƙare."

Daga nan ya kwance wani buhu da ya ɗaure a kariya, ya fito da ƙafafu biyu, gaba da baya, farare tas, da tayoyinsu masu ƙuraje. Ɗansa Lawal da ke aiki a Legas ne ya aiko masa, ya rataye su a ɗaka wata da watanni yana nuna wa baƙi. Ya ce, "Ga su. Sa mini duka biyun, Sale ya ga ba shi kaɗai ya san zamani ba."

Gaskiya zan faɗa, da na riƙe ƙafafun nan raina ya biya. Ba nauyi, ka juya su su yi ta juyawa ba ƙara. Na ce a raina duk Karaye ba wanda ya taɓa yin wannan aikin, ni zan fara.

Tunanina na farko shi ne in ɗauki sabon rim in ɗinka shi a tsohon hob, wato tsakiyar ƙafar inda wayoyi ke haɗuwa. Na ƙirga ramuka. Tsohon hob na baya arba'in, sabon rim talatin da shida. Na sake ƙirgawa ko ido ne, suna nan yadda suke. Wannan hanya ta toshe, dole a sa ƙafar ɗungurungum.

Na kifa keken, na gwada ta baya. Ta fi bakin firam faɗi da kusan yatsa biyu, ƙarfen tsakiyarta kuma ya yi wa ramin kauri. Wani mai sayar da rake da ke kallo ya ce, "Ka samo taɓarya mana." Na ce masa ya ji da rakensa. Na kwance tarin haƙoran giya da ke jikinta, don sarƙar tsohon keke mai kauri ce, ba ta zama a tsakaninsu. Allah ya taimake ni zaren ya zo ɗaya, na ɗaura tsohon firiwil ɗin Baba a wurin. Na cire zobban da suka ƙara mata faɗi, na yanke rarar ƙarfen da zarto, na zauna da magagari ina cin kaurinsa a hankali, in goga in gwada, in goga in gwada. Da ta shiga, sai ga rim ya koma gefe ɗaya yana shafar firam. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, in sassauta na dama in ɗaure na hagu, har ya dawo tsakiya. Kafin in ɗago kai an kira magariba.

Laraba da safe na yi wa ta gaba irin wannan aiki. Da na zo sa iska sai na tarar bawul ɗin irin na mota ne, mai kauri, duk famfunan rumfata ba wanda ya kama shi. Na ɗauki ƙafafun na kai wa mai facin mota a tasha ya cika mini su. Na dawo na ɗaura, na tsayar da keke. Ya yi kyau, ba ƙarya, ko da yake tsakanin taya da madigadi kaza za ta iya wucewa.

Saura birki. Birkin sanda, in kun lura, ba gefen rim yake kamawa ba, cikinsa yake ja sama, kuma tsohon rim yana da faffaɗan wuri hagu da dama da aka yi don robar ta zauna. Sabon rim siriri ne, an yi shi ne don birkin waya mai matse gefe. Na ƙara wa sandar tsawo, na lanƙwasa, na sa wosha, robar dai in ba ta daki kan wayoyi ba sai ta zame ta kama iska. Na ce, "Baba, ƙafafu sun shiga, amma birki ya ƙi."

"Birki? Shekara nawa ina tafiya, sau nawa ka ga na kama birki? Ba ni nan."

Kafin in rufe baki ya tattare riga ya haye. Bayan kasuwa akwai 'yar gangara da ta nufi wajen masu harawa. Keken da aka saba tuƙawa da ƙarfi, yau ga shi ba nauyi, sai ya ɗauki Baba Garba da gudu. Muka ga ya matsa birkin dama, ya matsa na hagu, ya sauke ƙafa yana jan ƙasa, takalmi ɗaya ya fice. Da ya zo karya kwana, feda ta daki tudu, don keken ya rage tsawo. Bai tsaya ko'ina ba sai cikin tarin harawar wani mutumin Turawa. Muka ruga. Muka tarar da shi a zaune, hula a gefe, ganye a gemu, ko ƙwarzane babu.

Mai harawa ya ce, "Sannu Baba, saye za ka yi ko ɗanɗanawa?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Baba Garba ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya dube ni ya ce, "Haruna, ashe ina kama birki ban sani ba."

Muka koma rumfa muka yi sulhu. Tsohuwar ƙafar gaba ba abin da ya same ta, na mayar da ita da birkinta, aka bar ta Legas a baya kawai. Keke ya tsaya gaba a sama baya a ƙasa, nan take 'yan kasuwa suka sa masa suna Kura. Baba bai ji daɗin sunan ba, amma ya zagaya sau biyu ya ga yana tafiya, yana kuma tsayawa. Na ja masa kunne ya bi kwana a hankali, ya ɗaga feda in ya zo kunyar gona. Ya ɗaure zabirarsa a kariya ya tafi gida. Ni kuma na wuni ina karɓar yabo, har da masu cewa su ma za su kawo nasu.

Alhamis ina sallame sallar asuba abin ya faɗo mini. Famfo. Duk mai keke a ƙauye yana tafe da famfonsa a jikin firam da ɗan ƙullin faci a aljihu, don hanyoyinmu ƙaya ce, ballantana da kaka da ake sare ƙayoyin shinge ana zubarwa a hanya. Famfon Baba irin nawa ne, kuma da hannuna na gwada nawa jiya ya ƙi. Na kai ƙafa tasha an cika ta, na dawo ina murna, ban tsaya na tambayi kaina wa zai cika masa ita a daji ba. Ko addu'a ban tsaya an shafa ba, na suri jakar kayan aiki, na biya tasha, mai facin mota bai fito ba. Na hau kekena na bi hanyar Turawa ina roƙon Allah ya sa tsorona ya zama na banza.

Na wuce gonakin gyaɗa, na wuce masu kai shanu kiwo, gari ya waye sarai. Can bayan wata tsamiya na hango Kura a kife, Baba Garba a tsugune. Ya riga ya ciro ƙayar, ya yi facinsa tsaf, ya mayar da tub. Yana riƙe da famfo a hannu ɗaya, bawul a ɗaya, yana haɗa su suna rabuwa. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Cewa kawai ya yi, "Ka zo?"

Na karɓi famfon, na naɗa tsumma a bakin bawul na danna da ƙarfi, Baba ya buga. Iska ta fita ta gefe. Muka sake, haka. Rana ta fara leƙowa ta saman dawa, jajawur. Daga nan zuwa gidan Malam Buba, mai lafiyar ƙafa ma sai ya yi tafiya mai tsawo, balle mai ciwon gwiwa.

"Baba, don girman Allah hau kekena."

Ya girgiza kai. Ya zauna a bakin hanya ya ɗora zabira a cinya yana shafa ta. Ya ce a hankali, "Bar shi, Haruna. Wataƙila lokacin Sale ne ya yi."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba, kuma na san laifina ne. Na juya don kada mu haɗa ido, sai idona ya sauka a kan ƙafar bayan kekena. Baƙa, tsohuwa, lamba ashirin da takwas, cike da iska. Kada ku tambaye ni me ya hana ni ganinta tun Talata. Son in nuna gwaninta ne ya rufe mini ido, ba wani abu ba.

"Baba, ka ce ba ka hawa keken aro. Ƙafar aro fa?"

Ya dubi ƙafar kekena. Sannan ya ce, "Firam ɗin nawa ne?"

"Naka ne."

"Sirdin nawa ne?"

"Naka ne."

"To me kake jira?"

Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba. Na kifa kekena, na kwance birki, na sauke sarƙa, na zare ƙafa. Na cire ta Legas daga nasa. Da yake ban taɓa firam ɗinsa da komai ba, tawa ta faɗa wurin kamar a nan aka haife ta. Na ja sarƙa, na ɗaure noti, na mayar da sandar birkin baya yadda take, na matsa ta kama caraf. Baba ya ɗaure zabira, ya yi bisimilla, ya haye. Ko waiwaye bai yi ba.

Ni kuma aka bar ni a daji da keke mai ƙafa ɗaya da ƙafar Legas ba iska. Na rataya ta a wuya, na saɓa firam a kafaɗa, na kamo hanyar Karaye a ƙasa. Duk wanda na gamu da shi sai ya tsaya ya gaishe ni da kyau, sannan ya tambaya, "Ba kai ne mai gyaran keke ba?"

Sai bayan la'asar ya iso rumfa, yana tuƙi a hankali, da ƙullin ganye a kariya. Na miƙe ban ma iya gaisuwa ba. Na ce, "Baba, yaya?"

Ya jingine keke, ya nemi benci ya zauna, ya sa aka kawo masa ruwa, ya sha, duk don ya ja mini rai. Sannan ya ce lokacin da ya isa rana ta riga ta hau kan rumbu. Babur ɗin Sale na ƙofar gida, shi kuma yana kan tabarma ya baje asake yana wasawa. Maigida ya aika a fito da jariri har sau uku. Tsohuwar gidan, matar marigayi Malam Buba, ta sa yaron a ɗakinta ta zauna a bakin ƙofa. Aiken farko ta ce yana barci. Na biyu ta ce yana shan nono. Na uku ta ce a gaya wa maigida, kan da yake taƙama da shi uban Garba ne ya aske shi, ita kuma ba ta gaji da zama ba.

"Da na yi sallama," in ji Baba, "da hannunta ta miƙo mini shi."

Ya kwance ƙullin ganyen, naman suna ne, kason wanzami. Ya raba biyu ya tura mini rabi. Ya kama hannuna ya riƙe, ya ce, "Gidan kakana ka riƙe mini yau. Allah ya yi maka albarka." Na ji daɗin da ban san inda zan sa kaina ba, sai na hau goge sifanar da ba ta yi datti ba.

Da ya tashi tafiya na ce, "Baba, to ƙafata fa? Yaushe zan karɓa?"

Ya dubi ƙafar, ya dube ni, ya ɗora ƙafarsa a feda.

"Wannan? Ai ta je suna, an shafa addu'a da ita, ta zama 'yar gida. Ga ta Legas can na bar maka. Kai ne mai gyara."

Na sa ta a kekena, shekara uku ina yawo a Karaye gaba a sama baya a ƙasa, kuma ko sau ɗaya ban sake tambayarsa ba.